Wayar Salula Mai Kyamara: Yadda Hoto Mai Dishi-Dishi Ya Ƙwace Kasuwar Masu Fim

Ran 11 ga watan Yuni na shekarar 1997, a wani asibitin haihuwa da ke garin Santa Cruz ta Jihar Kalifoniya a ƙasar Amurka, wani ɗan kasuwa haifaffen Faransa mai suna Philippe Kahn ya haɗa kyamarar Casio da ƙaramar kwamfuta da wayar salula ƙirar Motorola, ya ɗauki hoton jaririyar da aka haifa masa, ya kuma isar da shi ga dangi da abokan arziki kimanin 2,000 tun kafin mai jego ta bar gadon asibiti. Hoton kansa ba abin a zo a gani ba ne, domin kuwa duk wani mai hoto na bakin kasuwa zai ji kunyar miƙa wa mutum irinsa ya karɓi kuɗi. To amma waɗanda suka samu hoton ba su tsaya duba kyawunsa ba. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne yadda ya iso gare su a ranar da aka yi haihuwar.

Daga wannan rana zuwa lokacin da kamfanin Kodak ya nemi kariyar kotu saboda fatarar kuɗi, a watan Janairu na shekarar 2012, shekaru 15 ne ba su cika ba. Abin da ya faru a tsakani ya cancanci nazarin kowane ɗan kasuwa, musamman wanda ke ganin cewa ingancin hajarsa kaɗai ya isa ya tsare masa masu saye.

Japan ce ta buɗe kasuwar

Ba a Amurka aka fara sayar da wayar ba. Kamfanin Kyocera na ƙasar Japan ne ya fitar da wata mai suna VP-210 a shekarar 1999, wadda kyamararta ke fuskantar mai riƙe da ita, tana kuma ajiye hotuna 20 kacal. A tsakiyar shekarar 2000 kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya fito da SCH-V200, sai dai ita wannan kyamara ce da waya aka zuba cikin kwanso ɗaya ba tare da sun san juna ba, domin sai an jona ta da kwamfuta kafin a fitar da hotunan.

Wadda ta girgiza kasuwa ita ce J-SH04, wadda kamfanin Sharp ya ƙera wa kamfanin sadarwa na J-Phone, aka fara sayar da ita a watan Nuwamba na shekarar 2000. Da ita mutum zai ɗauki hoto ya aika wa wani nan take ta kan layinsa. Masu ƙirar sun maƙala wani ɗan madubi kusa da idon kyamarar domin mai wayar ya ga fuskarsa idan zai ɗauki kansa. Ba banza suka yi haka ba. Tun shekarar 1995 'yan matan Japan suka ɗauki ɗabi'ar shiga wasu ƙananan rumfuna suna biyan kuɗi ana buga musu 'yan mitsi-mitsin hotunan da suke liƙawa a littafi suna musaya da ƙawaye. Kamfanin ya lura cewa akwai jama'a masu ɗimbin yawa da suka riga suka saba biyan kuɗi a kan hoto ƙarami maras inganci, muddin dai nasu ne kuma za su iya ba wani.

Lissafin ya fita. J-Phone ya laƙaba wa hidimar suna Sha-mail a shekarar 2001, kuma a watan Maris na 2002 ya sha gaban abokin gasarsa au, mallakar KDDI, wajen yawan masu layi, ko da yake na ɗan lokaci ne. Kamfanin Vodafone na Ingila, wanda ya mallaki J-Phone a 2001, shi ya ɗauko dabarar ya kai Turai a ƙarshen 2002. A wannan shekara ce kuma Nokia ta ƙasar Finlan ta fitar da 7650, kamfanin Sprint kuma ya fara sayar da Sanyo SCP-5300 a Amurka a kan kuɗi kimanin dala 400.

Lissafin ɗigo

Domin mai karatu ya fahimci irin hoton da ake magana a kai, ya kamata a yi ɗan lissafi. Hoton na'ura tarin ƙananan ɗigogi ne masu launi da aka jera layi-layi, kamar yadda mai ɗinkin hula ke jera zare har zane ya fito. Gwargwadon yawan ɗigon, gwargwadon fitar hoton.

Wayar Kyocera da ta Sharp kowacce tana da ɗigo kimanin 110,000. Nokia 7650 da takwarorinta na 2002 da 2003 suna ɗaukar ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye, wato 307,200 ke nan gaba ɗaya. Masu ɗab'i kuwa kan nemi ɗigo 300 a kowane inci idan ana son hoto ya fito tas a takarda. Bisa wannan ma'auni, hoton Nokia 7650 ba zai wuce faɗin santimita biyar da rabi da tsayin santimita huɗu ba, kusan girman kwalin ashana. Hoton fasfo, mai milimita 35 da 45, yana bukatar ɗigo kimanin 220,000, abin da ke nufin wayar Sharp ta farko kimanin rabin hanya kawai ta kai. Shi kuwa hoton da aka saba wankewa a situdiyo, mai inci shida da huɗu, sai an samu ɗigo sama da miliyan biyu. Wayar da ta kai wannan matsayi ba ta yawaita a kasuwa ba sai shekarar 2005.

To sai dai ƙarancin ɗigo ba shi ne babbar illar ba, ko da yake shi masu talla suka fi ambata saboda shi ke da lamba. Babbar matsalar ita ce haske. Faifan da ke karɓar haske a cikin waɗannan wayoyi bai kai ƙwayar gero uku ko huɗu ba in an jera su, idon kyamarar kuma na roba ne, ba gilashi ba. Da rana tsaka a fili hoto kan fito da ɗan dama-dama. Da zarar an shiga ɗaki, ko magariba ta kawo jiki, sai ya cika da burbushi kamar an watsa masa yashi, launuka su juye, fari ya koma ruwan ɗorawa ko shuɗi-shuɗi. Yawancinsu ba su da fitilar walƙiya, waɗanda ke da ita kuma haskenta bai wuce tsawon hannu ba. Tsakanin latsa maɓalli da ɗaukar hoton akwai jinkirin da ya isa yaro ya kau da kai ko doki ya wuce.

Akwai kuma wata illa da ta fi shafar harkar ofis. Idon kyamarar a kafe yake, ba ya matsawa gaba ko baya domin ya daidaita da nisan abin da ake ɗauka. An saita shi ne domin abin da ke nesa da kamar mita ɗaya zuwa sama. Saboda haka idan aka kusanto da shi kan rasit ko takardar yarjejeniya sai rubutun ya narke, idan kuma aka ja da baya sai haruffan su ƙanƙance su ɓace cikin ɗigo. Abin da ake kira jawo hoto kusa a waɗannan wayoyi kuwa yaudarar kai ce kawai, domin wayar tana yanke gefen hoton ne ta kumbura abin da ya rage.

Dalilin da ya sa masu ƙira suka haƙura da wannan rauni shi ne batir da kuɗi. Kyamarori na sosai a wancan zamani suna amfani da faifan haske nau'in CCD, mai fitar da hoto tsaf amma mai shan wuta da tsada. Nau'in CMOS, wanda Eric Fossum da abokan aikinsa suka inganta a farkon shekarun 1990 a wata cibiyar bincike ta hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, yana cin wuta kaɗan, ana kuma iya ƙera shi a masana'antun da ke yin sauran kayan kwamfuta. Hotonsa a lokacin bai kai na CCD ba, amma ya shiga aljihu, shi ne kuma daga baya ya mamaye kasuwar.

Amfanin da aka samu duk da haka

Masu sana'ar hoto sun yi wa wayar dariya, kuma ta fuskar sana'arsu suna da gaskiya. Inda suka yi kuskure shi ne wajen zaton cewa da su take gasa. Kafin zuwanta, mai son hoto sai ya sayi fim mai ɗaukar 24 ko 36, ya yi ta tattalinsa har ya ƙare, ya kai wanki, ya jira, sannan ya biya kuɗin har da waɗanda suka lalace. Saboda haka ba a ɗaukar hoto sai da dalili, kamar biki ko suna ko sallah ko naɗin sarauta. Wayar ta mayar da kuɗin kowane ƙarin hoto ya zama babu, sannan kullum tana jikin mai ita. Nan da nan mutane suka fara ɗaukar abubuwan da a da ba wanda zai ɓarnatar da fim a kansu: lambar mota, farashin da ke manne a jikin kaya, bangon da ya tsage, motar da aka goga wa fenti.

Ga ɗan kasuwa, ma'aunin amfaninta shi ne ko tambayar da ake son hoton ya amsa ta siffa ce ko ta inganci. Mai sayar da kayan gyaran mota ya ci moriyarta tun da wuri. Makaniken da bai san sunan wani ƙarfe ba, ko ya san shi da sunan da ba a amfani da shi a kasuwar Ladipo ta Legas ko Ƙofar Ruwa ta Kano, zai iya nuna hotonsa, kuma ko da dishi-dishi ne ana gane yawan ramukan noti da yadda bakinsa ya lanƙwasa. Haka ma dillalin gidaje, da ɗan kwangilar da ke son nuna cewa gini ya kai linta, da ma'aikacin inshora.

Mai sayar da atamfa ko shadda kuwa wayar ta fi zame masa abin rigima. Zanen atamfa yakan fito, amma launi ba amana, ƙyallin shadda da nauyinta kuma ba sa fitowa ko kaɗan, alhali a kansu farashi ya dogara. Wanda ya sayi kaya bisa launin da ya gani a fuskar irin wannan waya ya sayi abin da bai gani ba ne. Haka abin yake ga fataucin dabbobi, domin hoton zai nuna ƙahon sa da launinsa, amma ba zai maye gurbin hannun dillalin da ke taɓa gadon baya da tozo ba.

A Japan an samo wa rauninta hanya. Tun shekarar 1994 kamfanin Denso Wave ya ƙirƙiro tambarin nan mai murabba'i da ake kira QR domin bin sawun kayan gyaran motoci a masana'anta. Da yake baƙi da fari ne zalla, ba ya bukatar kyamara mai kyau, sai aka fara fitar da wayoyin da ke karanta shi daga shekarar 2002. Wannan shi ne tushen biyan kuɗi ta hanyar haska waya da ya game duniya daga baya.

Kafofin watsa labarai ma sun sauke girman kai. Ran 7 ga watan Yuli na 2005, bama-bamai suka tashi a jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin Landan. Hotunan da fasinjoji suka ɗauka da wayoyinsu, masu duhu da hayaƙi, su aka nuna a talabijin aka kuma buga a shafukan farko na jaridu. Gani ya kori ji, ko da ganin na dishi-dishi ne.

Tsoron da ta haifar shi ma shaida ne cewa tana aiki. A shekarar 2003 Samsung da kansa ya hana shiga wasu masana'antunsa da wayar da yake ƙerawa, don gudun satar sirrin ƙira. A wannan shekara masu buga mujallu a Japan suka yi gangamin yaƙi da masu shiga kantin littattafai su ɗauki hoton shafi su fita ba su sayi komai ba. Koriya ta Kudu ta wajabta wa wayoyin yin ƙara duk lokacin da aka ɗauki hoto. Saudiyya kuwa hana shigo da su ta yi baki ɗaya, sai a ƙarshen 2004 ta janye haramcin.

Waɗanda suka ci riba da waɗanda suka yi asara

Abin mamaki, kamfanonin sadarwa da suka fi kowa zumuɗi ba su ne suka kwashi garaɓasar ba. A shekarar 2000 kamfanonin Ingila sun biya fam biliyan 22.5 domin lasisin sadarwa zango na uku, na Jamus kuma suka biya abin da ya kai kimanin yuro biliyan 50. Suna neman hanyar mayar da kuɗinsu, sai suka ɗora buri a kan saƙon hoto, wato MMS, suna tsammanin zai yi farin jinin saƙon rubutu. Bai yi ba. Kuɗinsa ya ninka na saƙon rubutu sau da yawa, saita shi a waya aiki ne, sau da dama ba ya tsallakawa daga wani kamfani zuwa wani, sannan akan matse hoton ya ƙara lalacewa kafin ya isa. Jama'a suka sayi wayar, suka ɗauki hotuna, amma maimakon aikawa sai su miƙa wa na kusa da su ya gani.

Masu ƙera wayar su suka dara. A shekarar 2003 yawan wayoyi masu kyamara da aka sayar a duniya ya zarce na kyamarorin zamani marasa fim. Daga nan inganci ya fara hawa da sauri. Japan ta ga wayoyi masu ɗigo miliyan ɗaya a 2003. A 2005 Sony Ericsson K750i ta zo da miliyan biyu da idon da ke daidaita kansa, Nokia kuma ta haɗa gwiwa da kamfanin gilashi na Carl Zeiss na Jamus a kan N90. A 2007 Nokia N95 ta kai miliyan biyar. Ita kuwa iPhone ta farko, wadda ta fito a shekarar, miliyan biyu kawai gare ta, ba fitila, ba ta kuma ɗaukar bidiyo, amma ta fi sauran sauƙin duba hoto da aika shi, kuma tarihi ya nuna wanda kasuwa ta bi.

Kamfanonin fim sun faɗa tsakanin wuta biyu, kyamarar zamani ta gaba, waya ta baya. AgfaPhoto na Jamus ya durƙushe a 2005, Konica Minolta ya fice daga harkar kyamara da fim a 2006. Kodak, wanda injiniyansa Steve Sasson ne ya harhaɗa kyamara marar fim ta farko a 1975, wanda kuma ya taɓa ɗaukar ma'aikata 145,000 a 1988, shi ma ya bi sahu. Su ma masu kyamarar zamani ba su tsira ba. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna cewa an fitar da kimanin miliyan 121 a 2010, amma a 2019 adadin ya faɗo zuwa kimanin miliyan 15.

Yadda ta sauka a Nijeriya

A lokacin da 'yan matan Tokyo ke aika wa juna hotuna, Nijeriya ba ta ma fara amfani da wayar GSM ba. A watan Janairu na 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisi a kan dala miliyan 285 kowane, Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta, Globacom kuma ya biyo baya a 2003. A farkon lamarin layi kaɗai ya kai kimanin Naira 20,000, kiran minti ɗaya kuma Naira 50, saboda haka hankalin mai waya yana kan kati ne, ba kan hoto ba. Ba abin mamaki ba ne da Nokia 1100, wadda ta fito a 2003 ba kyamara sai tocila, ta samu karɓuwar da ta samu, domin a ƙasar da ake fama da ɗaukewar wutar lantarki tocila ta fi kyamara amfani da dare.

Wayoyi masu kyamara irin su Nokia 6600 da Motorola Razr sun fara ne a matsayin kayan ado na masu hali, kafin na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Dubai su cika kasuwar Computer Village ta Ikeja da Farm Centre ta Kano da Banex ta Abuja. Saƙon MMS bai yi tasiri a nan ba, kamar yadda bai yi a Turai ba. Bulutut da memori su suka ɗauki nauyin, domin ba sa cin kati. Daga nan wata sana'a ta tsiro, ta matasa masu teburi da kwamfuta da ke tura waƙoƙi da hotuna, suna kuma kwashe hotunan waya zuwa faifai ko su kai wanki. Aika hoton kaya zuwa wani gari bai zama ruwan dare a tsakanin 'yan kasuwarmu ba sai da BlackBerry da WhatsApp suka yaɗu daga wajen 2010.

Ita ma illar ba ta tsallake mu ba. A shekarar 2007 wani bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya ya bazu ta bulutut a Kano, lamarin da ya kai ga dakatar da ɗaukar finafinan Hausa na tsawon watanni, ya kuma jefa ɗimbin ma'aikata da 'yan kasuwar faifai da ba su ji ba su gani ba cikin zaman kashe wando.

Akwai kuma wani aibu da masu ƙira a Japan da Turai ba su damu da shi ba. An saita waɗannan kyamarori ne bisa farar fata, saboda haka baƙin mutum da ya tsaya a gaban farin bango, ko ya sa farar riga, sai fuskarsa ta zama inuwa, ba a ganin komai sai idanu da haƙora. Shekaru aka yi ana haƙuri da hakan tamkar ba makawa. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da Itel da Infinix, wanda ya shigo kasuwar Nijeriya a wajen 2008, ya ɗauki wannan koke da muhimmanci, ya saita kyamarorinsa domin su fito da baƙar fata, ya haɗa da gurbin layi biyu da batir mai jimiri. A 2017 ya sha gaban Samsung wajen yawan wayoyin da ake sayarwa a nahiyar Afirka.

Masu hoto na gida kuwa ba su ƙare ba, amma sana'ar ta sake kama. Mai yawo da kyamara a wuya ranar sallah, yana ɗauka yana rubuta suna a littafi a zo a karɓa bayan kwana uku, ya yi ƙaranci ƙwarai, ɗakunan wanke fim kuma sun koma buga hoto daga memori. Waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu su ne suka koma inda waya ba ta isa ba a lokacin, wato hoton fasfo, da kalandar 'yan siyasa, da ɗaukar biki da manyan kyamarori da fitilu.